Zanzibar Ba Rairayi Kaɗai Ba Ce

Hoto ɗaya ne kamfanonin shirya tafiye-tafiye suke tallar tsibirai da shi, a Facebook ne ko a Instagram: farin rairayi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa ta ranƙwafo, sai wani gado na lilo da ba kowa a kansa. Idan aka goge sunan da ke ƙasan hoton, babu mai iya cewa wannan Maldives ce ko Morishiyas ko Seshel ko Zanzibar. Ba kuskure ba ne, da gangan ake yin haka, domin abin da ake sayarwa shi ne hutu, kuma hutu ba ya bukatar suna. To amma wanda zai fitar da kuɗin jirgi da na otal a wannan zamani na tsadar dala, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai samu a can wanda ba zai samu a wani wuri ba. Ra'ayina shi ne, abin da ya cancanci a je gani a tsibiri shi ne abin da ba ya shiga wancan hoton: garin, gonakin, sana'ar mutanen, da yadda teku yake juya rayuwarsu. Rairayi ƙari ne. Na ɗauki Zanzibar misali saboda ita ce tsibirin da ma'aurata da masu hali daga ƙasashenmu suka fi ambata a 'yan shekarun nan, kuma saboda a nan ne tazarar da ke tsakanin hoton da ainihin wurin ta fi fitowa fili.

Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya, a gefen Tanzaniya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Yawancin baƙi Unguja suke sauka, wadda tsawonta bai wuce kilomita 85 ba, kuma jirgin ruwa mai gudu yana kai mutum can daga Darussalam cikin kimanin awa biyu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Wanda yake son ya fahimci yadda aka yi ɗan wannan wuri ya shahara haka, sai ya fara da iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas, mutanen wurin suna kiranta kaskazi. Daga baya sai ta juya ta riƙa busowa daga kudu, ita ce kusi. Shekaru aru-aru jiragen katako masu tafiya da iska suna biyo ta farkon daga Oman da Yaman da Farisa da Indiya, su yi ciniki, su zauna jiran ta biyun ta mayar da su gida. Baƙon da ya zauna wata uku ko huɗu yana jiran iska, sai ya yi aure, ya gina masallaci, ya bar 'ya'ya. Abincin Zanzibar da gine-ginenta da kiɗanta da fuskokin mutanenta, duk daga wannan zaman jira suka samo asali.

Shi ya sa nake ganin duk wanda ya sauka filin jirgin Abeid Amani Karume, mota ta kwashe shi kai tsaye zuwa otal a bakin teku, ya tsallake abu mafi muhimmanci. Tsohon garin Zanzibar, wanda 'yan ƙasa ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, yana nan kusa da filin jirgin. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. An gina gidajensa da dutsen murjani da farar ƙasa, hawa biyu, hawa uku, kuma lungunansa sun matse har mota ba ta shiga yawancinsu, sai babur da keke da amalanke. Matsin nan dabara ce, domin inuwa ba ta barin lungun ko da rana ta take. Ƙofofin gidajen su ne abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto, kuma sun cancanta: katako ne mai kauri da aka sassaƙa da hannu, wasu masu kusurwa huɗu da ayar Alƙur'ani a samansu, irin na Larabawa, wasu masu lanƙwasa a sama da manyan ƙusoshin tagulla, irin na 'yan kasuwar Indiya. A jikin bangon kusan kowane gida akwai baraza, wurin zama na dutse, wanda Bahaushe zai gane shi nan take domin aikin dakali yake yi: nan maigida ke karɓar baƙon da ba ya son ya shigar da shi ciki, nan dattawa ke zama bayan la'asar. A wata mahaɗa da ake kira Jaws Corner, maza suna taruwa tun safe ana zuba musu baƙar gahawa a 'yan ƙananan kofuna, ana ta musun siyasa da ƙwallo. Ba a biyan kuɗin shiga, ba kuma don baƙi aka shirya ba, wannan ne ma daɗinsa.

A bakin ruwa manyan gine-ginen suke. Akwai tsohuwar ganuwa da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori 'yan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Beit al-Ajaib yake, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, abin da ya tona asirin irin sakacin da aka daɗe ana yi da tsohon garin, aka kuma shiga gyara da tallafin Oman. A wannan gaɓar ce jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta, 1896, a yaƙin da bai kai minti arba'in ba, wanda ake cewa shi ne mafi gajarta a tarihi. Da yamma, a lambun Forodhani da ke gaban waɗannan gine-gine, samari suna sheƙowa da gudu su yi tsalle daga kan bango su faɗa teku, kowa da salon alkafurarsa, jama'a na shewa. Magariba na wucewa masu abinci su kunna fitilu: tsire da suke kira mishkaki, ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami, da urojo, wani romo mai tsami da ake zuba wa dankali da soyayyen ƙulli. Gaskiya ita ce Forodhani ta zama ta baƙi, farashinta ma na baƙi ne, kuma kifin da ya daɗe a kan tebur ba abin amincewa ba ne. Mai son cin abin da 'yan gari ke ci, ya nufi wajen kasuwar Darajani.

Akwai wurin da ba daɗi ake zuwa ji ba, amma tafiyar ba ta cika sai da shi. Lokacin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, dukiyar tsibirin a kan abu uku ta tsaya: hauren giwa, kanumfari, da bayi. Ana kamo mutane daga can cikin nahiyar, har yankin tafkin Tanganyika da gabashin Kwango, a ɗora musu haure su kawo gaɓar teku, sannan a sayar da hauren a sayar da su. Dubbai ne ke ratsa kasuwar Zanzibar kowace shekara, wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa, da yawa kuma a tura su gonakin kanumfari na tsibirin. Gidan Tippu Tip, fitaccen dillalin wannan fatauci da ya mutu a 1905, yana nan a cikin garin. An rufe kasuwar a 1873 bisa matsin lambar Ingila, aka gina majami'ar Angilikan a filin, amma bautar kanta ba a soke ta a doka ba sai 1897. A harabar majami'ar yau akwai gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuyansu, da ɗakin baje tarihi da aka tsara da kyau. Ana kuma shigar da baƙi wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a ce nan ake tsare bayi, ko da yake masana tarihi suna jayayya a kan wannan, kuma ɗakin baje tarihin ya fi bakin ɗan rakiya abin dogaro. Wanda ya tsaya a wannan fili zai fi fahimtar abin da ya faru ranar 12 ga Janairu, 1964, wata guda bayan samun 'yanci, lokacin da aka hamɓarar da sarautar, aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa, wasu da yawa suka tsere. Marubuci Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, yana cikin waɗanda suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo baya. A watan Afrilun 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, haɗin da har gobe ake gardama a kansa a kan baraza.

Bayan wannan ne ziyarar gonar kayan ƙamshi take yin ma'ana. A yankin Kizimbani da Kidichi ana zagayawa da baƙi a nuna musu bishiyar kanumfari, wanda ashe tohon fure ne ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya har ya yi baƙi, da kirfa da ake ɓarewa daga bawon itace, da gyaɗar ƙamshi, da kurkum, da banila mai hawa jikin wata bishiya. Ga wanda ya saba ganin waɗannan a ƙulle cikin leda wajen mai kayan yaji, ganinsu a tsaye da ganyensu abin mamaki ne. Sai dai yawancin gonakin da ake kai baƙi na nuni ne, an shuka kowane iri kaɗan-kaɗan. Ainihin noman kanumfari ya koma Pemba tun bayan guguwar 1872 da ta karya itatuwan Unguja, kuma a kasuwar duniya Indunusiya da Madagaska sun daɗe da shan gaban Zanzibar.

Ko tekun ma da ake tallar tsibirin da shi, ba kamar yadda hoton ya nuna yake ba. A gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har mutum ya riƙa hangensa can, ya bar fili na jiƙaƙƙen rairayi da 'yan kududdufai. Baƙon da ya zo iyo yakan ji haushi, alhali a lokacin ne abin kallo yake farawa. Mata suna fitowa da zannuwansu na kanga, su shiga ruwan da bai wuce gwiwa ba, inda suka kafa turaku suka ɗaura igiyoyi. A jikin igiyoyin suke ɗaure ƙananan reshen ciyawar teku, mwani, bayan kamar mako shida su kwance, su ɗauko a ka cikin buhu, su shanya a ƙofar gida. Ana fitar da ita waje, a tace wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da askirim. An fara wannan noma a tsibirin a 1989, kuma ya ba dubban mata kuɗin kansu a karon farko, ko da yake farashin ba ya taka kara ya karya, ɗumamar ruwan teku kuma tana kashe irin da ya fi daraja. Wanda dai iyo ya kawo shi, sai ya nufi arewa, Nungwi da Kendwa, inda ruwa ba ya gudu sosai. A Nungwi ɗin ma, bayan layin otal-otal, masassaƙa suna nan suna haɗa jiragen katako da gizago da kurfi, ba tare da zane a takarda ba.

Sauran wuraren an san su, ba sai an daɗe a kansu ba. Dajin Jozani yana da wani biri mai jan baya da farin gashi a goshi wanda asalinsa na Unguja ne kaɗai, 'yan dubbai suka rage. Tsibirin Changuu yana da manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, da kurkukun da aka gina amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai masu cutar shawara da aka killace. A kewayen tsibiran Mnemba da Chumbe ana leƙa duwatsun murjani da kifaye masu launi da tabarau na ruwa. A Kizimkazi, can kudu, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin alƙiblarsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, kuma abin takaici yawancin masu zuwa ƙauyen don dabbar dolfin suke zuwa, su wuce masallacin ba su sani ba.

To, mai musu zai ce: ni hutu na je yi ba karatu ba. Na gaji da aiki da cunkoso da rashin wuta, ina son mako guda in kwanta in ji ƙarar teku, laifi ne? Ba laifi ba ne ko kaɗan, kuma mutumin da ya taso a Kano ko Damagaram, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ma kaɗai abu ne babba. Ba cewa nake a mayar da hutu aikin gayya ba. Amma lissafin a bayyane yake: Unguja ƙarama ce, daga tsohon gari zuwa Nungwi ko Paje bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi ba. Kwana biyu a gari, yini guda a gona da daji, ragowar a bakin teku, babu abin da ya rage daga hutun. Kuma idan kwanciya kawai ake so, akwai bakin teku a Kwatano da Lome da Accra da Kribi, ba sai an bi ta Addis Ababa ko Nairobi an kashe kuɗin jirgi mai yawa haka ba. Abin da ya sa Zanzibar ta cancanci tsadarta shi ne abin da babu a waɗancan.

Musu na biyu ya fi nauyi, shi ne cewa yawon buɗe ido yana cutar da tsibirin, don haka ƙarfafa wa mutane gwiwa su kutsa gari da ƙauye ƙara ɓarna ne. Akwai gaskiya a farkon maganar. Baƙin da suka shiga Zanzibar a 2023 sun haura dubu 600. Manyan otal-otal da yawa na masu jari ne daga waje, baƙo yakan biya komai tun daga ƙasarsa, ci da sha da kwana, kuma ma'aikata da dama daga babban yankin Tanzaniya suke zuwa. Ruwan sha ma abin rigima ne a tsibirin da ya dogara da rijiyoyi: wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Birtaniya ta fitar a 2012 ya nuna ɗaki guda a otal na alfarma yana iya cin sama da lita 3,000 a yini, alhali gida guda a ƙauyukan da ke kusa bai kai lita 100 ba. Amma a dubi inda wannan hujja ta dosa. Baƙon da ya fi shan ruwan ƙauye ya kuma fi barin kuɗi kaɗan a hannun 'yan ƙasa shi ne wanda ya shige katangar otal mai wurin ninƙaya bai fito ba. Wanda ya kwana a ƙaramin masauki a cikin gari, ya ci shinkafar pilau a gidan abincin 'yan gari, ya hau motar haya ta daladala, ya ɗauki ɗan rakiya mai lasisi, ya sayi sabulun mwani a hannun matan da suka yi shi, kuɗinsa ya fi zama a tsibirin. Hujjar ɓarna, idan aka bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan fitowa take yi.

Inda na yarda da masu wannan musu shi ne batun ladabi. Fitowa daga otal ba lasisi ba ne na mayar da mutane abin kallo. Matar da ke duƙe a gonar mwani aiki take yi, ɗaukar hotonta ba izini rashin kunya ne. A Kizimkazi kwale-kwale masu inji sukan yi wa garken dolfin ƙawanya, baƙi na faɗawa ruwa a kansu, kuma wannan ba kallon dabba ba ne, farauta ce da kyamara. Haka taɓa birai a Jozani, ko hawa bayan kunkuru, ko sayen murjani da bawon dodon koɗi na teku da aka ɓalle daga inda suke. Wanda ya ga ɗan rakiyarsa yana haka don ya faranta masa, shi ne ya kamata ya ce a bari, tunda shi ke biya.

Akwai kuma wanda damuwarsa ta addini ce: ya ji an ce bakin teku wurin tsiraici ne da giya, yana shakkar kai iyalinsa. A wasu gaɓoɓin, musamman Nungwi da Kendwa da Paje, akwai wannan, babu amfanin ɓoyewa. Sai dai a nan ma amsar ita ce dai garin. Da zarar an bar layin otal, ana cikin al'ummar Musulmi ne masu sutura, kiran salla na tashi daga kowane lungu, nama na halal ne ba sai an tambaya ba, kuma gwamnatin tsibirin da kanta ta sha gargaɗin baƙi a kan shiga gari da kayan wanka. Yawancin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa 'yan asalin Oman da 'yan Shi'a 'yan asalin Indiya, saboda haka Bamalike zai ga 'yan bambance-bambance a sahu. Matafiyi mai hijabi ko mai hula ya fi Bature sauƙin shiga wannan gari, a gaishe shi da sallama ya amsa. Da azumi gidajen abinci da yawa a gari suna rufe da rana, abin da ke damun wasu baƙi amma ba zai dami mai azumi ba.

Lokacin zuwa yana canza abin da za a gani. Daga Maris zuwa Mayu ake ruwan masika, mai yawa ne, wasu otal-otal har rufewa suke, farashi kuma ya faɗi. Yuni zuwa Oktoba sanyi-sanyi ne da rani, lokacin ne baƙi suka fi yawa. A Fabrairu ake bikin kiɗa na Sauti za Busara a tsohon gari, inda ake jin taarab, kiɗan da mawaƙiya Siti binti Saad ta fara ɗauka a faifai a Bombay a 1928. A Yuli mutanen Makunduchi suke bikin Mwaka Kogwa na shiga sabuwar shekara, maza suna bugun juna da karan bishiyar ayaba don a huce gabar bara. Ɗan Najeriya ya nemi bizarsa tun da wuri kafin ya sayi tikiti, ya riƙe katin rigakafin shawara, ya kuma sani cewa tun Oktoban 2024 ana karɓar dala 44 na inshorar dole daga kowane baƙo. Mai isasshen lokaci kuma ya ƙara da Pemba, tafiyar kusan rabin awa a ƙaramin jirgin sama. Otal kaɗan ne a can, tuddai ne kore shar, kuma a watannin girbi ana shanya kanumfari a kan tabarmi a gefen titi, mota na ratsawa a hankali don kada ta taka.